Hannun Malam Cikin Ledar Burodi

Ranar da aka yi wa autarmu ƙunshin aure na zauna a kusurwar falo ina jiran hancina ya gaya mini cewa biki ake yi, amma bai ce mini komai ba. Yarinyar da aka ɗauko ta yi ƙunshin ta zo da wata 'yar jaka kamar ta likita, ta fito da lallenta a cikin ƙananan ledoji masu tsini, ta buɗe waya ta ce amarya ta zaɓi furen da take so. Kafin shayin da na dafa ya huce har ya bushe, an kankare, ana ta ɗaukar hoto. Babu turmi, babu rariya, babu lemon tsami, babu tsohuwar da za ta danne miki ƙafa ta ce in kika motsa za ta gaya wa dangin miji ba ki da haƙuri. Mu a da lalle zama ne. A daka ganye, a tankaɗe, a kwaɓa, ƙamshinsa ya bi zaure ya fita har titi, a zura miki hannu a zunguru ki zama abar tausayi, ƙaiƙayi ya taso miki a tsakiyar baya ki rasa mai sosa miki sai kin yi roƙo. Ina kallon furannin nan a hannun 'yata, kyawawa ne ba laifi, sai na ji dariya ta taso mini ni kaɗai, domin lallen da ya fi kowane kamawa a cikin waɗanda na taɓa ƙunsawa, ba a hannun mace ya kama ba.

Ni yarinya ce da littattafan soyayya suka rena. A bakin kasuwarmu akwai mai ba da hayarsu, nakan karɓo in ɓoye a ƙarƙashin tabarma, in karanta ina tsintar shinkafa har in tsince shinkafar in bar tsakuwa. Na san yadda mijina zai kasance tun ban gan shi ba: dogo, mai saje, mai tattausan hannu, wanda zai dube ni a gaban jama'a ya faɗi maganar da za ta sa ƙafafuna su kasa ɗaukata. Da gwaggona ta zo da labarin wani da ya dawo daga Amurka yana neman aure, ta ce ɗan wasa ne, har Ikko da Akra an kai shi, sai na ƙara masa faffaɗan ƙirji a cikin zanen da na yi. Wanda ya zo zance kuwa siriri ne, ya girme ni sosai, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Na kawo masa lemo a faranti, bai ɓare ba, ya ɗauka yana murza shi da yatsu, ya cilla sama ya cafe, ya sake cillawa, har muka yi sallama. Zuciyata ta buga, don littattafai sun gaya mini haka mai tsananin so yake yi idan kunya ta kama shi. Na shiga gida na ce ina so. Sai da na zo Highbridge, unguwarmu ta Bronx a Amurka, na ga abin da yake yi ke nan a gaban liman, da gaban mai gidan haya, da gaban talabijin.

Wasan nasa kurket ake kiransa. A makarantar kwana ya koya, a wajen wani tsohon malami ɗan Indiya da ya gan shi yana murza goruba a bayan aji. Ya yi wa makaranta wasa, ya yi wa Arewa, a irin manyan wasannin nan da ake sa fararen kaya a yi kwana uku ana abu ɗaya, a tsaya a sha shayi a koma, wani lokaci a tashi babu wanda ya ci. Da ya yi wa mahaifina wannan bayani, tsohon ya ce, "Kwana uku, a tashi ba a san mai gaskiya ba? Ai wannan shari'a ce, ba wasa ba." Ni kuwa a kicin ya koya mini, da kayan girkina. Ya tsayar da ludaya uku a jikin tukunya ya ce sanduna ne, ya ba ni muciya ya ce in tsare su, shi kuma zai jefo albasa. In ta wuce ni ta buge ludayan, na fita, wani ya shigo. Ya ce masu ƙarfi suna sheƙowa a guje su yi jifa don su tsorata mai duka. "Ni a hankali nake jefawa," in ji shi, "don in yi masa ƙarya." Ya jefo albasar, na ga tana zuwa dama, na kai mata muciya, ta taɓa ƙasa ta yi hagu abinta kamar an kira ta. Ya ce duk sirrin a yatsu yake, shi ya sa gwanin mai duka ba ƙwallo yake fara kallo ba, hannun mai jifa yake karantawa, ya ga ta inda aka murza.

A gefen yatsansa manuni na dama akwai wata kanta da ɗinkin ƙwallo ya yi shekaru yana ginawa. Ranar da ya tare ni a filin jirgi ya kama hannuna, na ji kamar dutsen goge ƙafa. Wannan kanta ita ce sarauniyar gidan. Ba ta taɓa ruwan wanke-wanke, ba ta taɓa mai, ba a matse ta a gaisuwa. Gidanmu na lokacin yana da dogon lungu daga ƙofa zuwa banɗaki, sai ya jingina tsohuwar katifa a ƙarshensa, da ya dawo daga kantin da yake aiki sai in ji tim, shiru, tim, shiru, matar da ke zaune a ƙasanmu kuma tana amsa masa da sandar tsintsiya a rufin ɗakinta. Jirgin ƙasa ya wuce tagogi su yi rawa, wani ya kunna kiɗan Sifaniyanci a titi, ni ina gyaran kuɓewa, tim ɗin nan yana bin bayan komai. Babu albasar da ta shiga miyata ba ta sha juyi ba. Ƙwai ne kawai na hana shi, bayan abin da ya faru da labule.

Duk wannan na iya da shi. Abin da ya tsaya mini a rai Lahadi ce. Ita kaɗai ce ranar da ba ya aiki a ƙarshen mako, kuma da zarar sanyi ya tafi sai ya ɗauki jakarsa da safe ya hau jirgi har ƙarshen layi, wani babban fili inda mutanen Gayana da Jamaika suke da ƙungiya, ba zan gan shi ba sai magariba, gwiwoyin wando sun yi kore. Ni kuma a lissafina ranar Lahadi ce masoya suke tafiya a bakin kogi, iska tana kaɗa mayafi. Na yi fushi, na yi shiru, na yi kuka irin na littafi, hawaye ɗaya a kowane ido. A ƙarshe ya yi mini alkawari. Ya ce shekaru sun fara hawa, ran da ƙungiya ta ajiye shi ba zai nemi wata ba, Lahadi ta zama tawa har abada. Na riƙe maganar nan kamar sadaki.

Sai ga wani bazara ya zo da abu biyu a tare. Wani saurayi ɗan Bangaladash ya shigo ƙungiyar, shi ma mai murza ƙwallo, yatsunsa dogaye kamar na maɗinki. Kantar Malam, wato mijin nawa, kuma ta tsage, tsaga mai zurfi, da ya murza sai jini. Ya jiƙa ta a ruwan gishiri yadda tsohon malaminsu ya koya musu, ba ta ji ba. Ya aika cewa zai fashe Lahadi ɗaya. Kyaftin ɗinsu, wani ɗan Gayana mai muryar ganga, ya bugo waya ya ce yana girmama shi, amma idan Lahadin da ke bin ta ma bai iya jifa ba, wurin ya zama na yaron.

Maƙwabciyarmu Hajiyar Kumasi, wadda kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji, da na ba ta labari sai ta tafa. "Ka ga ikon Allah? Ba ka yi asiri ba, ba ka yi faɗa ba, an kawo maka mijinka har gida. Ka sa turare ka yi shiru."

Na sa turaren. Waccan Lahadin da ya fashe, ita ce ta farko da na samu, na ci ado na ja shi bakin kogi. Muna tafe, mayafi yana kaɗawa daidai yadda aka rubuta, na saci kallonsa na ga ya ɗaga kai yana duban sama, idonsa ya yi laushi. Na ce a raina ga ta nan tafe. Ya ce, "Ƙasa ta bushe yau. Da ƙwallo ta juya kamar me." Na ce, "Malam, ba ka da wata magana mai daɗi da za ka gaya mini?" Ya yi tunani na gaskiya, don shi ba ya amsa da ka, ya ce, "Tuwon jiya ya yi laushi." Muka dawo. Ya zauna a kujera ya ɗora hannun a cinya, hannun ya kwanta. Tun da na san shi ban taɓa ganin hannun nan a kwance ba. Na ajiye lemo a gabansa da gangan, bai ko kalle shi ba. Babu tim a lungu. Da yamma matar ƙasa ta hawo da kanta ta ƙwanƙwasa, ta tambaya ko wani ya rasu. Na tsaya a kicin ina yanka albasar da ba wanda ya juya, na gane cewa in abin ya tabbata, wannan mutumin na kan kujera shi zan samu duk Lahadi, kuma ba shi ne na ce ina so ba.

Kakata da lalle take maganin faso. Duk diddigen da ya tsage sai ta cusa masa kwaɓaɓɓe mai kauri ta ɗaure, ya busar da tsagar ya taurara fata. Na je Fordham Road wajen wani Banijare da ke sayar da kayan gida, na sayo garin lalle mai kyau da lemon tsami. Hajiyar Kumasi ta gan ni a matakala ta ce, "Kai dai ba ka da wayo. Ka tafi, zan zo in ga ƙarshen wannan."

Malam ya dubi kwanon ya dube ni. "Lalle? Ni?"

"Yatsa ɗaya ne. Wa zai gani?"

"Ba ke ce kike so in bari ba?"

"Ina so ka bari," na ce. "Ba na so a kore ka."

Ya daɗe yana kallona, har na fara zaton maganar ce za ta fito. Sai ya miƙo yatsan ya ce kada ya wuce gaɓa ta biyu.

Ranar Alhamis ba ya fita da wuri, don haka bayan sallar asuba na zaunar da shi na ɗora masa curi guda a kan tsagar. Zunguru babu shi a Bronx, sai na zazzage burodi na zura hannun a ledar, na ɗaure wuyan da tsohon ɗankwali, na ce kada ya motsa sai azahar. Ina kicin ina jin ledar tana ƙara, ƙwaras, ƙwaras, na ɗauka zafi ne ya dame shi. Ashe yatsun nan da suka yi kwanaki suna zaman makoki sun laluba sun ji wani abu mai laushi, mai nauyi daidai, sun mulmula shi ya zama ƙwallo. Shi kansa bai sani ba, labarai yake saurare. Tun safe har rana ta take yana murza curin nan a cikin gumi, daga wannan yatsa zuwa wancan, daga tafi zuwa baya. Da na kwance ɗankwalin na wanke, sai ga hannu ja wur har wuyan hannu, babu inda ya tsira, har ƙarƙashin farce. Ban taɓa yi wa amarya wanda ya kama haka ba. Na durƙusa a banɗaki ina dariya har numfashina ya sarƙe, shi kuwa yana tsaye da sabulu yana cewa, "Gobe Juma'a. Kin san gobe Juma'a?"

Da hagun ne da an sa a aljihu an huta. Amma Musulmi ba ya ba da hagu, kuma a masallacinmu na University Heights, wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene, ba mai fita sai ya gaisa da kowa. Matan unguwa ne suka kawo mini labarin kafin ya iso gida. Wai ya ja hannun riga ya rufe, ya yi ta dafa ƙirji daga nesa kamar mai mura, har ya kusa ƙofa, sai ga Banijaren da ya sayar mini da garin ya tare hanya da hannu a miƙe. Da ya kama bai saki ba, ya ɗaga shi sama kamar alƙalin dambe, ya fara da "to" ɗinsu na Faransanci. "Bon, jama'a, ku matso. Malam, wa ya biya sadakinka ba a gayyace mu ba? Yaushe za a kai ka?" Wani ya ce a nemo mota, wani ya ce shi zai ba da gado. Liman ma, in ji su, ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Malam ya dawo, ya ci abinci da cokali. Washegari da safe ina jera kwanuka na gan shi ya shigo kicin a hankali, ya danna yatsan da babban yatsa, ya ɗauki albasa ya murza ta sama. Har wata 'yar ƙara ta yi a iska. Ya cafe, ya duba, babu jini. Ya ce, "Akwai saura?" Na ce akwai. Ya ce, "Tunda an riga an yi dariyar, ƙara." Na biyun ya mayar da jan ya yi duhu, kamar jiƙaƙƙen zoɓo.

Ranar Lahadi na ce zan bi shi, karo na farko. Hajiyar Kumasi ta ce ko da kuɗi ba za a bar ta a baya ba. Muka shimfiɗa zane a gindin bishiya da kular dafa-duka, muka yi ta kallon manyan mutane cikin fararen kaya suna tsaye a rana kamar masu jiran bas. Hajiya ta yi barci ta farka ta ce, "An fara?" Can sai na ga kyaftin ya cilla wa Malam ƙwallo. Sai a lokacin na lura da launinta: fata ce ja mai duhu, ita da hannunsa kamar a kwano ɗaya aka rina su. Mai dukan wani ƙato ne da ya wuni yana korar ƙwallo har cikin bishiyoyi. Malam ya tako 'yan taku kaɗan, irin tafiyar mai zuwa rufe taga, ya juya kafaɗa ya sake ta. Ƙaton ya ƙura ido, ya kai duka dama, ƙwallo ta yi hagu, na ji ƙas, sanduna sun watse. Na biyu ya shigo bai daɗe ba ya bi shi. Na uku ya tsaya yana leƙen hannun kamar mai neman allura, ya rasa ina yatsa ya ƙare ina ƙwallo ta fara, sai ya ɗaga katakonsa ya ce bai yarda ba, a duba, mutumin nan ya shafa wani abu.

Alƙalin wasan wani tsoho ne da farar kwat, 'yan wasa sun jibga masa hulunansu a ka. Ya kira Malam ya kama hannun, ya juya shi, ya goga da hankici, ya duba hankicin, ya shinshina. Duka filin ya taru. Na ce a raina shi ke nan, da hannuna na jawo a kore shi a gaban mutane, abin da na ce ba na so. Alƙalin ya tambaye shi da ƙarfi mene ne wannan, wa ya yi masa. Malam mutum ne da ko sunana ba ya kira a gaban baƙi. Na ga ya gyara tsayuwa, ya juyo wajen bishiyarmu, ya ɗaga jan hannun nan ya nuna ni, ya faɗa da Turanci da muryar da ban san yana da ita ba: "Matata ce. Yatsana ne ya tsage ta yi mini magani. Ga ta can, mai shuɗin mayafi. Ba don ita ba da ina gida." Kowa ya juyo. Ni kuma ina riƙe da cinyar kaza. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, daidai yadda aka rubuta, sai dai dama a zaune nake. Tsohon ya sake duba hankicinsa fari tas, ya ce shi bai san dokar da ta hana mutum auren mai hankali ba, ya ɗaga mini hulunan kansa gaba ɗaya, ya ce a ci gaba.

A jirgi muna dawowa na ce, "To, mun ci?" Ya ce a'a, an lallasa su, masu dukansu ba su tsinana komai ba. Na ce, "Wurin naka fa?" Ya ce kyaftin ya ce ya zo Lahadi, da hannun yadda yake. Hajiyar Kumasi ta dube ni ta girgiza kai. "Ka sayar da Lahadinka a kan magana ɗaya." Gaskiyarta. Shekaru masu yawa ya ƙara yana jifa, shi a gefe ɗaya yaron Bangaladash a ɗayan, duk bazara ina kwaɓa lalle ina zazzage burodi, bakin kogi kuwa ban sake ganinsa ba sai ta tagar bas.

Yanzu yatsun sun lanƙwashe, sanyin garin nan ya shige su, ko maɓallin riga ni nake sa masa. Katifar lungu ta tafi, matar ƙasa ta tafi, masallacin ya koma sama ya yi kafet. Lahadi duk tawa ce, har nakan rasa inda zan ajiye ta. Ranar ƙunshin, autar ta ga ina dariya ni kaɗai ta tambaye ni da Hausarta mai ɗingishi, na ba su labarin, ta amsa da Turanci cewa wannan ne kawai abin da Baba ya taɓa faɗa? Na ce sau ɗaya ne, amma da shaidu. Muna cikin haka aka turo ƙofar falo kaɗan, hannu ya shigo shi kaɗai, mai shi yana laɓe saboda mata. Ya ce, "In akwai saura." 'Yan matan suka kwashe da dariya, mai ƙunshin ta matsa da 'yar ledarta ta zana masa wani ɗan fure a kan tsohuwar kantar. Hannun ya koma. Aka duba furen a bayan ƙofa. Sai ya sake shigowa, ya laluba har ya nuna kusurwar da nake zaune.

"Wannan ado ne," in ji shi. "Ke ki zo ki sa na gaske. Akwai burodi a kan firji."